Hancin Hajiya Mabruka

A Alfindiki, in ka wuce masallacin unguwa ka karya lungu na biyu ta hagu, akwai wani tsohon gidan ƙasa mai koren ƙyaure. Ba allo a jikinsa, ba suna. Nan Hajiya Mabruka take suyar gahawa, yau shekara talatin da biyar ke nan.

Kakannin ubanta Larabawan Gadamus ne ta ƙasar Libya, waɗanda suka biyo ayari suka zo fatauci, garin ya yi musu daɗi suka zauna. Kafin a zo kan Mabruka, Larabcin ya ƙare a bakin mutanen gidan, sai 'yan gaisuwa da sunayen abinci. Dukiyar ma ta bi shi. Abin da ya rage musu shi ne gahawa. Ubanta, Alhaji Ramadan, duk Juma'a shi da kansa yake soya ta a kasko da dogon ludayin ƙarfe, ba ya yarda kowa ya taɓa masa. 'Ya'yansa maza uku, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake yi, sha kawai suka iya. Mabruka ce take tsugunawa a gefensa tana fifita wuta tun tana 'yar shekara bakwai. Wata Juma'a ta ce masa, "Abba, sauke, ta kusa ƙonewa," alhali ta ba kaskon baya tana neman takalminta. Ya sauke ya duba, ya daɗe yana kallon yarinyar. Daga ranar ya bar mata ludayin.

Ta yi aure a Ƙofar Wambai, ta haifi uku, mijin ya rasu tana da shekara ashirin da tara. Da ta gama takaba ta dawo gidan ubanta. 'Yan'uwa suka ce ta zauna, za a riƙe ta. Ta zauna wata huɗu ta ga kalar riƙon, sai ta aika aka kirawo mata maƙeri. Da tsinke ta zana masa abin da take so a ƙasa: gangar ƙarfe mai hannu, wadda za a riƙa juyawa a kan wuta, da 'yar taga a gefe ta leƙa ƙwaya. Maƙerin ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ta ce ai shi ya sa ta zana masa.

A lokacin ƙwayar da ake samu a kasuwa tsohuwa ce, ta shekara a buhu ba a san daga ina ta fito ba. Masu sayarwa sai su soya ta baƙi ƙirin, su labta mata kanumfari da citta don a rufe warin. Mabruka ta ce ita ba za ta yi ba. Wani direban babbar mota ya gaya mata ana noman gahawa a kan tsaunin Mambila, ta tasa yayanta a gaba suka yi kwana biyu a hanya. Can ta haɗu da Ilu, wani manomi siriri mara yawan magana, yana shirin sare bishiyoyinsa saboda ba mai saye. Ta ce ya dakata da gatarin. Ta ce ja kawai zai riƙa tsinka, nunannu, ya bar kore sai sun nuna. Ya wanke, ya shanya a kan rumfa, kar ya kuskura su taɓa ƙasa. Buhun farko da ya aiko mata ta mayar masa, da saƙon cewa tana jin warin akuya a ciki. Ilu ya fusata. Ya je wurin shanyar ya duba, ashe awakin maƙwabcinsa a ƙarƙashin rumfar suke fakewa in an yi ruwa. Tun daga nan bai sake musu da hancinta ba. Duk shekara shi da kansa yake zuwa Kano da 'yar jakar sabon amfani ta gwada, in ta amince sai buhuna su biyo baya.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Kafin ƙwaya ta shiga ganga sai ta baza ta a faifai ta tsince ɗaya bayan ɗaya, mai rami, mai baƙi, fasasshiya, duk waje. Kilo biyar take zubawa a lokaci guda, ba ta ƙarawa ko Sallah ce ta zo. Sai ta zauna a kujerar tsugunno tana juya hannun gangar. Ƙwayar ta tashi daga kore ta koma rawaya, ta koma launin dabino, can sai ka ji ta fara fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru. Daga wannan fashewa zuwa saukewa abin da bai wuce minti biyu ba ne, kuma a nan ne gahawa take zama gahawa ko ta zama gawayi. Ido yana taimakawa, kunne ma haka, amma Mabruka kullum da hanci take yanke hukunci. Akwai wani ɗan lokaci da ƙamshin yake juyawa, tsamin ya kwanta zaƙin ya taso, in ta ji shi sai ta kife gangar a kan rariya ta hau fifita.

Ba mace mai sauƙi ba ce, kar a yi mata ƙarya. Ba ta sayar da gahawar da ta wuce mako biyu da suya. In ka ce ta saka maka kanumfari, sai ta kwatanta maka hanyar kasuwar Kurmi. Kuma ba mai shiga ɗakin suyarta da turare a jiki, ko wace ce. Matan unguwa sun sha tsayawa a bakin ƙofa da humrarsu mai tsada suna gaisawa da ita daga nesa kamar masu cuta. Abin ya fi shafar maƙwabciyarta ta jikin katanga, Zinariya, wadda sana'arta ke nan, haɗa turaren wuta. Shekara da shekaru suna fafatawa ta saman katanga, har suka raba rana: safiya ta Mabruka ce, Zinariya ba ta ɗora tukunyarta sai bayan la'asar.

"Yaya Mabruka, an yi sallama, in kunna ko hancin sarauta bai gama ba?"

"Kunna, ki kashe sauron unguwa."

A haka aka zauna. Masu sayenta ba su da yawa, amma ba sa canzawa: dattawan tsofaffin gidaje da suke aikowa duk Alhamis, da wasu malaman jami'a, da Nazeer, wani matashin magidanci da ya buɗe wurin shan gahawa a wajen Ƙofar Nassarawa. Autarta Ikram, malamar firamare ce, tana aure a Kabuga, ita take zuwa da yamma ta ƙulla a leda ta amsa masu kira a waya.

A shekarar da annoba ta sa aka rufe gari, Mabruka ta kwanta zazzaɓi da mura cikin azumi. Kwana tara ta tashi. Ranar da ta fara jin ƙarfi ta shiga ɗakin suya ta buɗe kwalbar da take ajiye tata ta sha, ta kai hanci. Ba komai. Ta ce murar ce. Bayan mako biyu murar ta tafi, ta tura fuskarta cikin buhu har ƙwaya tana shiga mata hanci. Ba komai. Ta murza kanumfari a tafin hannu, ta yanka albasa, ta buɗe galan ɗin kananzir. Idonta ya yi ruwa da albasar, shi ke nan. Ta zauna a kujerarta ta daɗe tana kallon gangar.

Ba ta gaya wa kowa ba. A kwanakin nan wanda ya ce ba ya jin wari, gudunsa ake yi, ana raɗe-raɗin za a zo da mota a tafi da shi, kuma wa zai sha abin da ya fito daga hannunsa? Wannan dalili ne. Amma annobar ta lafa, aka buɗe gari, ba ta dai faɗa ba, kuma wannan karon ba tsoron mota ba ne. Mace ce da tun tana 'yar shekara bakwai da abu ɗaya aka san ta. In ta ce babu shi, to wace ce ita, kuma me ya rage na gidan Alhaji Ramadan?

Sai ta koma suya da kunne da ido da agogon hannu. Abin mamaki, ya yi. Ƙwayar Ilu mai kyau ce, hannunta kuma ya san hanya. In ta kurɓa ba ta jin komai sai ɗaci da ɗan tsami, kamar ruwan zafin da aka jiƙa magani, amma wata uku ba wanda ya ce uffan. Ta fara ganin za ta iya mutuwa da sirrinta.

Cikin watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Da safiyar na huɗu rufin ɗakin buhuna ya fara zuba, ƙasa tana faɗowa daga tsakanin azara. Buhu shida ne a ciki, ragowar goma sha ɗayan da Ilu ya aiko na shekarar. Ɗanyar gahawa in ta jiƙe ta gama. Mabruka tana tsaye a tsakar gida zani a jiƙe tana tunanin inda za ta kai su, sai ga Zinariya ta shigo da kwano a ka.

"Yaya, ɗakina na soro rufin kwano ne, ko ɗigo ba ya yi. Yanzu na kwashe kayan ciki. Amma fa ki zo ki ji da kanki, shekara goma sha biyu ina ajiye itacen turare a ciki, kar ki zo ki tsine min."

Suka je. Ikram tana biye da su, da 'yan dako uku da aka kirawo. Mabruka ta shiga ɗakin, kowa yana jiran hukunci. Sandal da kajiji da farce sun shige bangon ɗakin nan har cikin siminti, 'yan dakon ma daga ƙofa suke lumshe ido. Ta ja numfashi mai tsawo yadda kowa zai gani, ta juya kai hagu da dama kamar yadda ta saba.

"Ba komai. Ya yi."

Zinariya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau hancin ya yi mana afuwa?"

"Rufe min baki, ki matsa su shigo da kaya."

Laifinta ne, ba wanda zai wanke ta. Kalma uku za ta faɗa a wurin nan, ba na ji, a nemi wani ɗakin. Amma su ma da suke tsaye, ko ɗaya bai ga abin damuwa ba, domin a garin nan ba wanda ya taɓa jin an ce ƙamshi ya ɓata abu. Wari ne yake ɓatawa. Ƙamshi kuwa ana turara ɗaki da shi, a turara tufa, a turara randar ruwan sha. Tunda mai hancin ta ce ya yi, ai magana ta ƙare.

Ba a iya yaɓen rufi sai ruwa ya ɗauke, don haka buhunan suka yi mako shida a ɗakin Zinariya. Ɗanyar gahawa kuwa shan wari take yi kamar yadda busasshen tsumma yake shan ruwa. Da aka dawo da su, kowace ƙwaya ta ƙoshi da sandal.

Mabruka ta tsince, ta soya, ta saurari fashewa, ta sauke a kan lokaci. Launi ya yi kyau. Aka ƙulla aka kai wa mutane.

To a nan ne abin yake da ban takaici. Mu mutanen cikin gari muna da wata ɗabi'a da muke kira kara, muna tinƙaho da ita kamar gadon arziki. Mutum ya ga kana tafiya za ka afka rami, sai ya gaishe ka da kyau, ya tambayi iyali, ya wuce, wai kar ya kunyata ka. Gahawar nan tun kurɓar farko kowa ya ji ta. Wani dattijo ya tofar a bayan tabarma ya ce wa iyalinsa Hajiya ta tsufa, amma ran Alhamis ya sake aikowa, don kar ta ji ba daɗi, ya riƙa ba masu gadi. Malaman jami'a suka daina kira ɗaya bayan ɗaya. Nazeer, wanda yake iya zama awa guda yana yi wa baƙinsa bayanin ƙamshin lemo da na zuma a cikin kofi, ya rage odarsa rabi, sannan ya tsayar, ya aiko cewa kasuwa ce ba ta tafiya. Wasu kuma daɗi ma ta yi musu, suka ce ai gara da Hajiya ta sauko ta fara saka ɗan turare kamar kowa. Duk wannan ana faɗarsa a zaure da tsakar gida da wurin suna. Ita kaɗai ce ba a gaya wa ba. Zinariya ta ji a bakin mutane, ta gane daga inda abin ya fito, ta daina leƙo katanga.

Ikram ta gwada sau ɗaya.

"Umma, kin ƙara wani abu ne a ta wannan karon?"

"Me zan ƙara? Tun da kike kin taɓa ganin na yi ƙari?"

"A'a, na dai tambaya ne."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ƙulli. 'Yar da ta haifa ke nan, mai shekara talatin da biyu, mai tsawata wa yara sittin a aji.

Mabruka ba wawiya ba ce. Ta ga ledoji suna kwana a kwando. Ta san akwai abin da ya lalace, ba ta san mene ne ba, kuma ba ta da hanyar sani sai ta tambaya, tambayar kuwa ita ce tonon asirin. Ta zaci suyar ce. Ta rage wuta, ta ƙara wuta, ta sauke da wuri, ta jinkirta. Ta sa aka kwance gangar aka kankare cikinta. Ta rame. In ta idar da sallar walha sai ta zauna a kan dardumar ta kai tafin hannunta hanci, ko Allah zai sa yau.

Farkon Disamba Ilu ya iso da 'yar jakarsa. Ya tsufa shi ma, gemu ya yi fari. Aka shimfiɗa masa tabarma a soro. Al'adarsu ce kafin a buɗe sabuwa sai ta dafa masa ta bara ya sha wahalarsa. Ta niƙa, ta dafa, ta kawo a ƙaramin kofin ubanta. Ikram tana tsaye a bakin ƙofa ta ƙanƙame tire.

Ilu ya yi bismilla, ya kai kofin kusa da baki, ya tsaya. Ya kurɓa. Ya ajiye a kan tabarma.

"Hajiya, wannan ta wa ce?"

"Taka mana, Malam Ilu. Ta bara."

"A'a. Tawa ba ta warin ɗakin amarya."

Ya ɗauki kofin ya miƙa mata. "Ji da kanki. Sandal ne. Ni da nake bayan dutse ma na san shi. Me kika yi wa ƙwayata?"

Ta karɓi kofin. Hannunta ya so ya kai shi hanci ya yi wasan da ya saba yi wata bakwai. Sai ta tuna ɗakin, da numfashin da ta ja a gaban 'yan dako. Ta ajiye kofin.

"Ba na ji, Malam Ilu. Tun azumi. Ko kananzir ba na ji."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ilu a hankali.

Ta juya ta dubi 'yarta. "Auta, tun yaushe?"

"Tun buhun farko da aka dawo da shi, Umma."

"Kin sani?"

"Kowa ya sani."

"Kowa." Ta maimaita kalmar. "Wata uku ina ɗura wa mutane turare da sunan gidan ubana, kina ƙullawa kina kai musu, kina dawowa ki ce min sun gode?"

"Umma, na ji nauyinki ne."

"Nauyin ya yi mana amfani."

Ikram ta fashe da kuka. Ilu ya bari sai da ta tsagaita, sannan ya yi magana, idonsa a kan tabarma. Ya ce akwai wani mutumin Legas da ya hau tsauni sau biyu yana son amfanin gonar gaba ɗaya, shi kuma Ilu ya ce masa gonar tana da mai ita. Ya ce shi da matansa da 'ya'yansa wata uku suke yi suna tsinkar ja ɗaya-ɗaya cikin sanyi, ita ta koya musu, kuma ba zai ɗauki wannan wahala ya ba wanda ba zai san in ta lalace ba, ko da kuwa Hajiya ce. Zai yi kwana goma a Kano, an yi wa matarsa aikin ido. Ya tura mata jakar, kilo biyu.

"Kafin in tafi ki ba ni kofi ɗaya da zan gane gonata a ciki. Yadda za ki yi, ke kika sani."

Buhu huɗu ne suka rage na bara. Ikram, da ta share hawaye, ta kawo shawarar a rubuta a leda cewa gahawa ce mai turare, tunda akwai masu so. Mabruka ta ce in ta mutu a yi. Ta sa aka rarraba wa waɗanda suka ce ta yi musu daɗi, ɗanya, kyauta, su soya da kansu a kaskonsu.

Sannan ta yafa mayafi ta bi gidajen masu sayenta da ƙafa, kwana biyu. Duk inda ta shiga magana ɗaya ce: na sayar muku da ɓatacciyar gahawa, hancina ya mutu, ban faɗa ba, ku yafe ni. Kusan kowa amsa ɗaya ya ba ta. Haba Hajiya, ai ba komai, mu ba mu ma lura ba. A gidan dattijon nan mai ba masu gadi ne haƙurinta ya ƙare.

"Alhaji, ka girme ni, amma ƙarya kake. Ka lura."

Tsohon ya ce, "Na lura, Mabruka. Ubanki da yana nan da ya watsa min ita a riga in na yi masa shirun da na yi miki. Ki yafe ni ni ma."

Nazeer ya rasa inda zai sa kansa, sai ba ta kujera yake yi. Ta ce ba zama ta zo yi ba.

Rana ta uku da hantsi ta shiga gidan Zinariya. Shekararsu ashirin suna jikin katanga ɗaya, sau nawa ta taka tsakar gidan nan, ana iya ƙirgawa da yatsu. Zinariya tana ganinta ta miƙe, faifan kajiji ya zube.

"Yaya, wallahi na gaya miki ki shiga ki ji, Ikram shaida ce..."

"Kin gaya min. Zauna. Ba faɗa na zo ba, roƙo na zo." Ta zauna a kan turmi. "In kina dafa sikarin turarenki, da me kike sanin ya kai?"

Zinariya ta dube ta a ɗarare. "Da hanci mana. Yana tashi daga zaƙi ya yi wani ƙamshi kamar alewa, in kika ƙara ƙiftawa biyu ya yi ɗaci, kin yi asarar itace."

"To shi nake so. Ki ara min."

"In ara miki me?"

"Hancin. Ni in juya in saurara, ke ki ji."

Zinariya ta yi dariya, ta ga ba a taya ta ba, ta daina. "Ni? Mai kashe sauron unguwa?"

"Ke. Amma da sharaɗi. Wanka da sabulun salo, ba mai, ba humra, ba komai. Zanin da za ki ɗaura a gidana zai riƙa kwana."

"Kai, Yaya! In fita ba turare? Ai gara ki ce in fito ba ɗankwali. Ke ce mai roƙon kuma ke ce mai sharaɗin?"

"Ni ce."

Zinariya ta tsuguna tana tattara kajijinta. "Ni ma na ji a bakin mutane na yi shiru," ta ce. "Gobe ƙarfe nawa?"

Kilo biyu ba ya isar ganga, don haka Mabruka ta sauko da kaskon ubanta ta raba ƙwayar kashi huɗu. Zinariya ta zo fuska ba mai, tana ƙunƙuni wai ji take kamar an yi mata sata. Kashin farko ta ce a sauke tun ƙwayar tana warin ɗanyar ciyawa, don ba ta san gahawa ba. Na biyu ta tsaya surutu ya wuce. Mabruka ta ji a kunne ya wuce, ta daka mata tsawa, Zinariya ta ce in an sake yi mata ihu za ta koma gidanta ta shafa humra kwalba guda. Suka bar shi ranar. Washegari Mabruka ta sauya dabara, ta ce kar ta yanke hukunci, ta dai riƙa faɗar abin da take ji. Zinariya ta rufe ido a kan kaskon.

"Ciyawa... ciyawa dai... yanzu kamar gurasa a tanderu. Gurasar ta yi. To ga tsami ya taso, kamar tsamiya a wuta."

Ƙwaya ta fara fashewa. "Ci gaba," in ji Mabruka, ludayi bai tsaya ba.

"Tsamin yana kwanciya. Sikari... sikarin ya fara... Yaya, yanzu!"

Mabruka ta kife kaskon. Ba ta ji komai ba. A karo na farko tun tana yarinya ta sauke gahawa a kan maganar wani. Kashi na uku ya ɗan gota, na huɗu Zinariya ta rantse da Allah ya fi duka.

Ran kwana na tara Ilu ya dawo soro, ta dafa masa ta kashi na huɗu. Ya shanye kofin har ƙasa, ya nemi ƙari. Da ya gama na biyun ya goge gemu.

"Gonata ce. Ba kamar da ba, Hajiya, ba zan yi miki kara ba. Amma ita ce." Ya ce bana buhu shida zai aiko, sauran na mutumin Legas ne, baɗi a ga abin da Allah zai yi.

Ba ta roƙe shi ƙari ba. Ta ce shidan ma ya yi adalci.

Wasu daga masu sayenta sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Nazeer ya dawo bayan shekara, ta karɓe shi da sharaɗin duk ledar da ya buɗe ya kira ta ya faɗi aibinta kafin ya faɗi kyanta. Likitoci biyu ta gani, kowanne ya ce ta yi haƙuri, hancin wani yana dawowa, na wani ba ya dawowa. Nata ya dawo gutsi-gutsi bayan shekara biyu. Tana jin hayaƙi, tana jin albasa, tana jin kwata in an yi ruwa. Gahawa dai shiru.

Yanzu kwana uku a mako suke suya, Litinin da Laraba da Asabar. Zinariya ta rage nata aikin, tana da kaso a kowane buhu, tana kuma ƙorafin zanin da ake ajiye mata ya tsufa, a sake mata wani. Bara Ilu buhu tara ya aiko. In aka sauke ganga aka dafa ta gwaji, Mabruka ce take fara zuba wa Zinariya, ta zuba wa Ikram, ta tsare su da ido har sai sun faɗa mata abin da ke ciki, mai daɗin ji da mara daɗi. Sannan ta zuba nata kofin ta sha da zafinsa.